Masu Linux, ku daina kokawa da NetworkManager a kan DNS

1/ Akwai shawarar da ake yawan ba masu Linux wadda ba na so: wai ka rubuta 127.0.0.1 a /etc/resolv.conf, sannan ka kulle fayil ɗin da chattr +i don kada NetworkManager ya taɓa shi. Ni ba na yin haka. Ga dalilina.

2/ Duk shafin da za ka buɗe, sai kwamfuta ta tambayi sabar DNS lambar IP ɗinsa. Ni da nake aiki da hotspot ɗin waya, ina jin wannan jiran a jikina, musamman da yamma in layi ya yi cunkoso. Shafi ɗaya kan janyo sunaye da yawa, kowanne da tambayarsa.

3/ Maganin shi ne ƙaramar saba a cikin kwamfutarka mai ajiye amsoshi. Ni dnsmasq nake amfani da ita, wadda Simon Kelley ya rubuta. Ta tambayo sau ɗaya, ta ajiye, gaba ta amsa maka nan take.

4/ To ina rigimar? Duk Wi-Fi ɗin da ka hau, DHCP zai ba ka sabar DNS ta wurin, NetworkManager kuma ya sake rubuta resolv.conf. Abin da ka sa da hannu ya tafi. Shi ya sa mutane ke kullewa.

5/ Amma fa aikinsa yake yi. In ka kulle, kuma dnsmasq ɗinka ba ta san sabar wurin ba, shafin shiga Wi-Fi na otal na iya ƙin fitowa. Ka kunna VPN ɗin ofis, sunayen cikin gida su ƙi buɗewa, ga aiki na jiranka.

6/ Abin da nake yi: na miƙa masa ragamar. A /etc/NetworkManager/conf.d/ ka buɗe fayil mai ƙarewa da .conf, ka rubuta:
[main]
dns=dnsmasq
Sai systemctl restart NetworkManager. Shi zai tayar da dnsmasq da kansa, yana sanar da ita sabuwar saba duk inda ka koma.

7/ In ba ka canja ba, sunaye 400 kawai take riƙewa idan NetworkManager ne ya tayar da ita. Na kai nawa 1000 da layin cache-size=1000 a wani fayil cikin /etc/NetworkManager/dnsmasq.d/.

8/ Kada ka bar wata dnsmasq tana gudana daban, su biyun za su yi rububin ƙofa ta 53. A Debian, dnsmasq-base ta wadatar.

9/ Masu Ubuntu, ku duba tukuna. In kun ga 127.0.0.53 a resolv.conf, systemd-resolved ce, kuma ita ma tana ajiye amsoshi. Wataƙila ba ku buƙatar ƙarin komai.

10/ Gwaji: buga dig wikipedia.org sau biyu, ka dubi Query time. Na biyun zai faɗo kusan 0.

11/ Kada dai a sa rai da yawa. Ba ya ƙara gudun saukar da fayil, datar da yake ragewa ma kaɗan ce. Kowace amsa tana da wa'adinta, TTL, in ya cika sai an sake tambaya. Jiran farkon nan kawai yake ragewa, kuma a layi irin namu ana jin bambancin.

12/ Masu amfani da Unbound, yaya kuke haɗa ta da VPN? Ina son jin tsarinku.