Kpalime, Garin da Ruwa ke Zubowa Daga Kan Dutse

Tun shekarar 2023 da hanyar Kwatanu ta toshe, fatakenmu da yawa suka karkata zuwa Lome, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san wani abu na ƙasar Togo in ban da tashar jiragen ruwa da masauki. Ni ma haka nake, sai da jirgin da ya ɗauko kayanmu ya yi jinkiri, zaman jira ya ishe ni, na shiga mota zuwa Kpalime, mai nisan kilomita 120 arewa maso yamma da Lome, dab da iyakar Gana.

Tun kafin a isa, matafiyi zai hangi dutsen Agu a hannun dama, wanda tsawonsa ya kai mita 986, babu wanda ya fi shi a duk faɗin Togo. Garin kuwa yana kwance a gindin duwatsun Kloto, kurmi ya kewaye shi. Mutanensa Ewe ne, manoman koko da kafe, kasuwarsu cike da ayaba da abarba da gwanda. Akwai kuma zango, inda baƙo zai ji Hausa kamar yana gida, domin fatake sun zauna nan tun zamanin Jamus. Jamusawan, waɗanda suka riƙe ƙasar daga 1884 zuwa 1914, su ne suka kafa barikin Misahohe a kan dutse, suka kuma kawo layin dogo daga Lome a 1907, ko da yake jirgin ya daɗe da daina zuwa.

Washegari da sassafe muka hau zuwa ƙauyen Kuma Konda, bisa hanya mai lanƙwasa kamar maciji. A can hazo yakan sauko har kan rufin ɗakuna, itatuwa sun haɗa kai a sama har rana ba ta taɓa ƙasa, malam-buɗe-littafi iri-iri suna ta shawagi. Ɗan jagoranmu ya nuna mini itacen goro tsaye da ƴaƴansa. Na ji kunya ƙwarai, domin shekara da shekaru ina cin goro, ban taɓa ganin uwarsa ba sai ran nan.

Daga nan muka nufi mafaɗar ruwa ta Wome. Sai an gangara matakala masu santsi cikin kwari, ƙarar ruwan tana ƙaruwa, sa'an nan a tarar da shi yana zubowa fari fat cikin wani tafki mai sanyi. Mutumin da ya girma inda mata ke jan guga gaba ashirin kafin su ga ruwa, in ya tsaya a wurin nan, bakinsa mutuwa yake yi. Ruwan saman da ke sauka a yankin ya kusa ninka na Maraɗi sau uku, damina kuma biyu ce a shekara.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka wannan ni'ima ba ta da iyaka. A mafaɗar Kpime, inda aka datse ruwan daga sama domin samar da lantarki, in rani ya yi, abin da ke saukowa bai fi zare ba. A kan hanya kuma na ga gangaren da aka sassabe ƙwal, da buhunan gawayi jere suna jiran motocin Lome. Dalilin damuwa a fili yake: saiwoyi da ganyen da ya ruɓe su ne ke riƙe ruwan damina, su riƙa sakinsa sannu a hankali cikin ƙoramu. In an sare itace, ruwan yakan kwararo gaba ɗaya, ya kwashe ƙasar noma, ƙorama ta ƙafe da wuri. Koko kansa ya fi son inuwar manyan itatuwa.

Da nake komowa, sai na tuna manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun bayan farin 1984 suka riƙa barin tohon gawo da kalgo a gonakinsu, har suka rayar da fili wajen hekta miliyan 5. Su da ba su da kurmi sun san darajar itace ɗaya.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke lodin itace da gawayi, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin sara, ina ba su shawara: in Allah ya kai ku Lome, ku ware kwana biyu ku je Kpalime. Gani ya kori ji.