Maradi, a Bin Sawun Murzuna

Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina tsokanata ba: "Wai kai duk bokon nan da ka sha, ƙarshensa kamun ƙwaro?" Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da ilmin ƙwari da muhallinsu a jami'a lokacin da na shirya tafiya Maradi, a farkon Satumbar 2018. Abin da ya ɗaga ni wani ɗan buhun algarara ne, wanda bai wuce tafin hannu ba. Na sha karanta labarinsa, na sha rubuta shi a allo, amma ban taɓa riƙe shi ba.

Bayan sallar asuba na bar Katsina. Kafin rana ta yi zafi mun wuce Jibiya da Magama, mun isa Ɗan Isa. Jami'in da ya buɗe jakata ya zaro ragar kama ƙwari, ya jera kwalabe a kan tebur, ya ɗaga gilashin ƙara girman abu ya leƙa ta cikinsa. "Mushe, boka ne kai?" Na ce malamin makaranta ne. Ya yi dariya ya ce to ai duk tafiyar ɗaya ce, ya mayar mini da kayana.

Daga nan zuwa Maradi gero ne dama da hagu, ya fitar da kai, wani har ya fara ƙosawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne itatuwan da ke tsaye a tsakiyar gonaki: kalgo, sabara, da gawo wanda ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba da damuna. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Tun shekarun 1980 manoman wannan yanki suka koma barin tohon kututture idan suna sassabe, su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi ya girma, aikin da ake yawan ambaton Tony Rinaudo ɗan Ostareliya a kansa. Mai gona itacen girki da abincin dabba yake gani. Ni kuwa, da ciwon sana'a, gidajen gizo-gizo da zuma da zanzaro nake ƙirgawa.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni Tarna, inda tashar binciken noma ta INRAN take. Ɗakin da aka shigar da ni ba shi da wani abin kallo: robobi ne jere a kan kanta, an rufe bakinsu da ƙyalle, ga warin tsohon hatsi. A cikinsu ake kiwon tsutsar nan da ke saƙa yana a hatsin ajiya, don ta zama abincin wani ƙwaro ɗan dangin zanzaro, wanda masana ke kira Habrobracon hebetor. Bai fi ƙwayar gero biyu a jere ba.

Abokin gabarsa shi ne murzuna. Duk wanda ya noma gero a Sahel ya san aikinta ko da bai san sunanta ba: zangarniya ce za ka gani an zagaye ta da zane kamar an murɗa igiya, hatsin wajen ya zube. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda ke fitowa daga ƙasa kimanin wata guda bayan saukar ruwa, ya zuba ƙwai a kan sabon kan gero. Tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta sauka ta nutse cikin ƙasa, ta kwanta har wata damunar. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ne ta zama annoba, kuma a mummunar shekara tana iya cinye fiye da rabin amfanin gona. Feshi ba ya cika samunta, don tana ɓoye a cikin zangarniya, ga shi mai noman gero ba shi da kuɗin magani.

Ɗan zanzaron nan kuwa ɗan ƙasa ne, ba daga waje aka kawo shi ba. Macen takan harbi tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse ta. Aibinsa ɗaya: makara. Rani yana rage shi ƙwarai, sai 'yan kaɗan da ke fakewa a rumbuna, kuma kafin ya sake yawa murzuna ta gama ɓarna. Dabarar da aka yi ta gwadawa tun 2006 a Nijar da Mali da Burkina Faso ita ce a riga ta. A ɗan buhun nan ake zuba gero da gari, da tsutsar hatsi 25, da matan zanzaro biyu, a ɗaure. Bayan kamar kwana takwas sai 'ya'ya su fara sulalowa ta ramukan algararar, sittin ko saba'in daga buhu guda. Buhu 15 ake kai wa ƙauye.

Washegari wani matashin ma'aikaci ya goya ni a babur zuwa wani ƙauye, tafiyar kusan awa guda cikin rairayi. Sau biyu muna sauka muna turawa. Dattijon da ya karɓe mu bai bari mun yi maganar aiki ba sai da muka sha fura. Sannan ya nuna mana buhun, rataye a ƙarƙashin bunun rumbu don kada ruwa ya jiƙa shi, ya yi baƙi da ƙura. Ya ce ranar da aka kawo shi sun ɗauka laya ce irin ta nasara.

A gona ya lanƙwaso wata zangarniya, ya sa farce ya buɗa zanen murzuna. Ga tsutsar kwance, amma ta yi baƙi ƙirin, ta bushe kamar tsinken da wuta ta lasa. Na ciro gilashina zan yi masa bayani. Ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Duba gefenta tukuna."

Na duba. Wasu 'yan fararen kwasfa ne guda biyar manne da juna, kowanne da huda a kai.

"Nan suka kwana, nan suka fita. In ka ga wannan, kada ka bari yaro ya kawo maka feshi kusa. Sojojinka za ka kashe."

Na ce, "Baba, wa ya koya maka?"

Ya nuna jikansa, ɗan lakwal mai kamar shekara goma sha biyu, wanda ke biye da mu da kwalbar da ya tara matattun tsutsotsi. Shi ya fara zuwa wajen masu koyarwar, shi ya dawo ya nuna wa kakansa. Na tuna ɗalibaina na ajin ƙarshe, waɗanda za su jero maka sunayen magungunan feshi goma ba tare da numfashi ba, amma ban taɓa kai ko ɗayansu gona ya buɗa zangarniya ba. Laifin ba nasu ba ne.

Dattijon yana da nasa ƙorafin, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Zanzaro bai san iyakar gona ba. Yana bazuwa kilomita da dama. Ƙauyen da ke maƙwabtaka da su bai karɓi buhu ko ɗaya ba, amma geronsu ya tsira. "To ran da aka ce mu saya da kuɗinmu, wa zai biya wa wani?" Kuma aikin na kowace shekara ne, tunda rani zai sake cinye su. Ma'aikacin ya ce ana ƙoƙarin koya wa ƙungiyoyin manoma su yi kiwon da kansu su sayar. Dattijon ya ce Allah Ya sa, da muryar wanda ya ga zuwan ayyukan taimako da tafiyarsu.

Da za mu tafi ya sa aka gasa mana tumu, muka murje muna ci a tsaye. Na roƙi yaron ya ba ni tsutsa uku daga kwalbarsa, ya zaɓo waɗanda ke da kwasfa a jiki, na sa a kwalin ashana.

A Ɗan Isa na sake faɗawa hannun jami'in nan. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi ma mahaifinsa gero yake nomawa a wajen Tasawa. Ya tambaye ni inda ake samun buhun. Na yage takarda daga littafina na rubuta masa.