Juma'ar Da Ba Boko Ba Allo

A watan Disamba 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da aikin gwamnati a jihar Kaduna kwana huɗu a mako, daga Janairu 2022 kuma makarantun gwamnati suka bi sahu. Hujjar ita ce ma'aikata su samu lokacin hutu, iyali da noma.

Ni dai ina nan kudu, amma 'ya'yan ƙanwata a can suke karatu, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Makarantun allo da ma Alhamis da Juma'a suke hutu. Ke nan ranar Juma'a yaro ba boko, ba allo. Uba ya fita nema, uwa na fama da sana'a. 'Yar ƙanwata tiren gyaɗa ta riƙa ɗauka ranar, ƙanenta kuma yawon ƙwallo har magariba.

An ce an ƙara awanni a sauran ranakun don cike giɓin. To amma yaron da ya fito da ɗan koko a cikinsa, me zai fahimta bayan azahar? Ga shi jarrabawar WAEC da NECO iri ɗaya zai rubuta da ɗan makarantar kuɗi da ke zuwa kwana biyar.

Shawarata, duk unguwar da aka rage wa yara ranar karatu, iyaye su haɗa ɗan kuɗi su ɗauki malami ko ɗalibin jami'a ya riƙa yi musu bitar lissafi da Turanci, ko da awa biyu ne a zaure. Allah Ya raya mana zuri'a.