Ƙwai 88 Da Layi Biyun Da Ba Mu Rubuta Ba

Wannan makon layi ya zo kanmu. Kun saba ganin gajerun labarai daga wajenmu, to yau labarin wani rubutu ne daban, wanda ya fi kowane labari hana mu barci.

Mu uku ne. Tare muka gama difloma a fannin lantarki, tare muka yi ta zagayen neman aiki har takalma suka cinye, daga baya muka dawo muka zauna a shagon yayan ɗayanmu muna gyaran caja da inbata. A nan tunanin haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai ya zo mana. Akwatin kansa ba abin wahala ba ne: mataccen firij, fankar tsohuwar kwamfuta, hita, da ɗan injin da zai riƙa karkata farantin ƙwai. Wahalar tana wajen abin da zai riƙa cewa hita ta kama, hita ta tsaya, a juya ƙwai yanzu, yau kwana 18 a daina juyawa.

Duk na'urar da ka ga kamar tana da hankali, daga mitar wuta ta kati har rimot ɗin talabijin, akwai ɗan cif a cikinta, kuma akwai wanda ya zauna ya rubuta masa umarni layi bayan layi. Wannan rubutun muke kira manhajar ciki. Ta bambanta da manhajar waya. Idan ta waya ta rikice sai ka rufe ka sake buɗewa. Ita wannan babu mai kallonta ƙarfe uku na dare, kuma abin da take riƙe da shi mai rai ne. Ƙwan kaza yana son zafi kusan digiri 37.5 har kwana 21. Idan ya ɗan yi ƙasa, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri. Idan ya haura 40 ya daɗe a can, shi ke nan.

Cif ɗin da muka iya saya shi ne ATmega328P, wanda ke kan allon Arduino. Wurin ajiye umarninsa kilobayit 32 ne, wurin da yake lissafi a ciki kuma kilobayit 2 kacal. Hoton da ɗayanku zai ɗora a ƙarƙashin wannan rubutun ya ninka shi sau da yawa. Mu da muka saba sakin alƙalami, sai ga mu muna ƙirga haruffa. Mun dage sai allon nunin ya yi magana da Hausa, sai muka tarar ɗan allon nan mai layi biyu, kowane layi harafi 16, bai san ƙ ba, bai san ɗ ba. Ya bar gurbin haruffa takwas ne kawai da mutum zai zana da kansa, kowanne ɗigo biyar a kwance takwas a tsaye. Yini guda muka yi muna zana ƙ a takardar lissafi, don dai kada injin ya rubuta "kwai" a gaban 'yan ƙungiyar marubuta.

Tun farko mun yanke cewa za mu saki rubutun a buɗe, kowa ya gani, ya ɗauka, ya gyara. Ba wai don mun fi kowa kirki ba. Rabin abin da ke cikin injin ba mu muka rubuta ba. Kod ɗin da ke magana da ma'aunin zafi wasu bayin Allah ne da ba mu taɓa gani ba suka rubuta suka bari kyauta. Mun kuma karanta yadda a 2003 aka matsa wa kamfanin Linksys ya fito da kod ɗin na'urarsa ta raba intanet WRT54G, saboda ya gina ta a kan Linux, wanda lasisinsa na GPL ya ce duk wanda ya ɗauka ya rarraba dole shi ma ya buɗe. Daga nan aka samu OpenWrt a 2004, har yau ana amfani da shi. Labarin ya burge mu. Muka zaɓi GPL, muka ɗora a GitHub, muka yi ta jin kanmu.

Wadda ta fara yarda da mu goggon ɗayanmu ce. Ta kwashi adashe ta sayi ƙwai 88, muka kai mata injin har tsakar gida. A kwana na bakwai muka haska su da tocila a ɗaki mai duhu, muka ga jijiyoyi ja sun bazu a cikin mafi yawansu. Goggo har guɗa ta yi.

Daren kwana na 12 wayar ma'aunin zafi ta saki daga inda muka liƙa ta da dalma. Girgizar fanka ce ta yi ta cinta a hankali. To shi kod ɗin da muka aro, idan ya nemi ma'aunin bai same shi ba, lamba ɗaya yake mayarwa: -127. Wannan hanyarsa ce ta cewa ba na jin komai. Masu shi sun rubuta haka ƙarara a cikin fayil ɗinsu, mu ne ba mu karanta ba. Namu umarnin abin da ya sani kawai shi ne, idan lamba ta gaza 37.5 a kunna hita. Injin ya ga -127, ya ɗauka duniya ta daskare, ya kunna hita bai sake kashewa ba har asuba.

Da safe Goggo ta aiko yaro. Muka tarar ta buɗe murfin ta zauna a kan tabarma. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ku yaran nan, ashe abin naku bai san ya tsaya ba?" Muka ce, "Goggo ki yi haƙuri, laifinmu ne." Ta ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, ta tashi ta shiga ɗaki. Gyaran layi biyu ne: idan lambar ba ta yi kama da zafin duniya ba, a kashe hita, a kunna ƙararrawa. Ko minti biyar bai ɗauke mu ba. Kuɗin ƙwan kuwa wata huɗu muka yi muna biya kaɗan-kaɗan, tana ƙin karɓa muna ajiye mata a ƙarƙashin faifai.

Bayan wannan ne muka fara gane cewa a wannan sana'a ba ka taɓa sanin ko laifin rubutunka ne ko na ƙarfen. Ma'aunin DS18B20 na asali, takardar kamfaninsa ta ce kuskurensa ba ya wuce rabin digiri. Muka sayo uku a wani shago, muka tsoma su a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, kowanne ya faɗi tasa. Jabu ne, kuma ido ba ya bambance su. Dole muka koma gwada kowane ɗaya da ma'aunin zafin jiki irin na asibiti kafin mu saka. Sai kuma rile, makunnin da ke kama hita: wani lokaci idan ya buga, cif ɗin ya firgita ya faro daga farko kamar an ɗauke wuta. Sati biyu muna zargin kod, ashe 'yar kafasita ce muka yi rowar sakawa.

Ita ɗauke wutar ma da nata. Duk sanda wuta ta tafi injin ya manta kwana nawa aka yi. Akwai wani ɗan lungu a cif ɗin da ba ya mantuwa, muka ce to a riƙa rubuta lokaci a can kowane minti. Allah Ya taimake mu ɗayanmu ya duba takarda: lungun yana jure rubutu kusan sau 100,000 ne. A minti-minti, cikin kwana 70 mun kashe shi. Muka mayar awa-awa.

Wanda ya fi ba mu dariya da kunya ya zo ne daga Maraɗi. Wani mutum ya ɗauki kod ɗin ya haɗa nasa injin. Ya fara rubuto mana da Faransanci, da ya lura da sunayenmu ya koma Hausa. Ya ce wata rana farantin ya kama juyi babu tsayawa na tsawon awanni, daga baya ya dawo daidai shi kaɗai. Muka gwada, muka sake gwadawa, ba mu ga komai ba. Sai da ya ambaci cewa injinsa a kan sola yake, bai taɓa mutuwa ba tun da ya kunna. Agogon cikin Arduino yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma idan ya kai kwana 49 da awa 17 sai ya cika ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Mu mun yi lissafin lokacin juyi da tarawa, alhali da ɗebewa ake yi don a tsallake wannan ramin. A wajenmu kuskuren bai taɓa fitowa ba, domin babu injinmu da ya taɓa samun wutar kwana 49 a jere. Shi da kansa ya turo gyaran. Ranar mun ji daɗin buɗe kod ɗin fiye da kowace rana.

Amma ga ɗaya fuskar. Saƙonni suna shigowa, mafi yawa ba gyara suke kawowa ba, buƙata ce. Wannan yana son na ƙwan zabi, wancan allonsa daban ne, wani ya haɗa waya a baibai ya ƙona cif ya zo yana zaginmu. Babu mai biyan ko kati. Don ka gwada gyara ɗaya sai ka mallaki irin allon da mutumin yake da shi, mu kuwa wanda muke da shi ma aro muke yi wa juna.

Sai watan jiya wani abokinmu ya turo mana hoton injin da ake sayarwa a wani gari, da fenti mai kyau da suna da lambar waya. Muka ƙura wa allon ido. Ƙ ɗinmu ce, da ɗan ƙugiyarta da ta karkace hagu saboda ɗigo biyar ba su isa ba. An goge sunayenmu, ba a ba masu saye kod ba, duk da lasisin ya wajabta. Sayarwa ba laifi ba ce, GPL bai hana ba. Ɓoyewar ce laifi. Amma wa zai kai ƙara, da wane kuɗin lauya?

A shago muka yi musu har magariba. Ɗayanmu ya ce a rufe, cif ɗin ma yana da makullin da ke hana a kwafe abin da ke ciki, mu ma mu ci guminmu. Ba za mu ce ba shi da hujja ba, shi ne mai aure a cikinmu. Na biyu ya ce da a rufe yake, da mutumin Maraɗi bai gano mana komai ba. Muna cikin haka aka sake buɗe hoton, muka lura da lambar da ke ƙasan allon. Tsohon zubi ne, na kafin daren Goggo. Wato duk wanda ya sayi injin nan, waya ɗaya ce tsakaninsa da abin da ya same ta.

Muka kira lambar. Ya fara musu, ya ce yaransa ne suka rubuta. Muka ce Alhaji ba rigima ta sa muka kira ba, ka cire wayar ma'aunin zafi a injin ɗaya ka tsaya ka ga abin da hita za ta yi. Bayan awa guda ya kira da kansa, murya ta sauya. Mun tura masa sabon zubin a daren, da bayanin yadda zai ɗora. Ya ce zai bi waɗanda ya sayar wa. Da muka tambayi nawa ne, ya ce sai ya duba littafi. Maganar mayar da sunayenmu kuwa ya ce za a duba.

Batun rufewa ko barinsa a buɗe har yanzu ba mu yanke ba. Goggo dai ta sake zuba ƙwai, 60 wannan karon, yau kwanansu 11. Mun saka ma'auni biyu a ciki, kuma ɗayanmu yana kwana a zaurenta.