Wata Bakwai A Birnin Lil: Yadda Na Koyar Da Turanci A Ƙasar Faransa

Tun da na dawo gida, duk bikin da na je ko suna sai an sami wadda za ta ja ni gefe ta ce, "Wai ke da gaske ne Turawa kika je kika koya wa Turanci?" Da gaske ne, sai dai Turawan Faransa ne, waɗanda Turancin Ingilishi baƙon harshe ne a wurinsu kamar yadda Faransanci yake baƙo a wurinmu. Na ga ya dace in ba da labarin a nan gaba ɗayansa, da daɗinsa da ɗacinsa, don na san akwai masu 'ya'ya mata da suka karanta Faransanci a jami'a, waɗanda watakila wata rana za su zo musu da wannan magana.

Gwamnatin Faransa tana da wani tsohon shiri, tun daga 1905, na ɗauko matasa daga ƙasashen waje su zo su taya malaman makarantunta koyar da harsuna. Aikin na wata bakwai ne, daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, awa 12 a mako. Ba a ba mutum aji nasa na kansa. Aikinsa shi ne ya sa yara su buɗe baki su yi magana, su kuma ji yadda harshen yake fita daga bakin wanda ya tashi da shi. Ni Faransanci na karanta, har na yi zaman da ɗaliban wannan fanni suke yi a Ƙauyen Faransanci na Badagiri, ga shi kuma maigidana yana karatun digiri na uku a Lil, shekara biyu ke nan muna rabe. Da na nema aka tambaye ni yankin da nake so, ban ko yi dogon tunani ba. Allah cikin ikonSa aka tura ni can, muka sauka ni da 'yata Ummi mai shekara huɗu a ƙarshen Satumban 2022.

Lil tana can arewacin ƙasar, dab da iyakar Beljiyam, tafiyar awa ɗaya daga Faris a jirgin ƙasa mai gudu. Gari ne na jan bulo da yayyafi. Ba ruwa irin namu ba ne da zai zubo da ƙarfi ya ɗauke rana ta fito. Wannan sai ya wuni yana tsattsafi, sama ta yi toka-toka kamar an kifa tukunya. Makarantar da aka ba ni tana Rube, wani gari da ke manne da Lil, kuma da jirgin ƙarƙashin ƙasa nake zuwa. Jirgin nan ba shi da direba, tun 1983 yake tuƙa kansa. Ranar farko na shiga taragon gaba, na duba na ga ba kowa a wurin tuƙi, na riƙe hannun Ummi ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, mutane kuwa kowa na duban wayarsa.

Wahalar makonnin farko ta takardu ce. Ba za a biya ki albashi ba sai kina da asusun banki, banki ba zai buɗe miki asusu ba sai kin kawo shaidar inda kike zaune, mai gidan haya kuma yana son ganin takardar albashi da wanda zai tsaya miki kafin ya ba ki makulli. Ɗakin maigidana na ɗalibai ne, ba zai ɗauki mutum uku ba. Sai da wani malaminsa ya yarda ya tsaya mana sannan muka sami ciki da falo a kan Yuro 620 a wata, alhali abin da yake shiga hannuna bai wuce kusan Yuro 800 ba. Akwai hukumar da take taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da wani kaso na kuɗin haya, har da baƙi masu takardar zama, amma sai da muka yi wata uku kafin kuɗin suka fara shigowa. Duk wadda za ta je, ta tafi da guzurin da zai riƙe ta wata biyu, kada ta dogara da albashi.

To, yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita na ɗauki biro. Ranar da na fara zuwa makaranta na sa doguwar riga da ɗan madaidaicin hijabina ruwan toka. Malamar da aka haɗa ni da ita, wata dattijuwa mai fara'a, ta tarbe ni a ƙofa, ta kai ni ofis, ta ba ni shayi, sannan ta yi shiru na ɗan lokaci kamar mai neman ta inda za ta fara. Ta ce, "Kin san ba za ki shiga aji da wannan ba ko?" Na san da dokar 2004 da ta hana ɗalibai sa alamar addini a makarantun gwamnati, an ma rubuta wani abu a kai cikin takardun da aka aiko mini, amma na ɗauka yara kawai ta shafa. Ashe ta ma'aikata ta fi tsauri kuma ta fi daɗewa. Tun da ƙasar ta raba gwamnati da coci a 1905, ra'ayinsu shi ne duk mai yi wa gwamnati aiki ba ya nuna addininsa a bakin aiki, Kirista ne ko Bayahude ko Musulmi. Ni kuwa daga ranar da na sa hannu na zama ma'aikaciyar gwamnati. Na tambaye ta ko ɗankwali zai yiwu, ko hular sanyi. Ta girgiza kai.

Ban san yadda na isa gida ba. Tun ina aji ɗaya na sakandare namijin da ba muharramina ba bai ga gashina ba. Maigidana ya ce shi ba zai tilasta mini ba ta kowane ɓangare, in na ajiye aikin za mu lallaɓa da ɗan abin da yake samu, sai dai mu duka mun san takardar zamana a kan aikin nan take rataye. Na kira mahaifiyata, ta ce, "Ki dawo gida, abinci bai ƙare mana ba." Na je masallacin unguwarmu ranar Juma'a na sami matan Aljeriya da Maroko. Wata ta ce ita ta bar aikin asibitin gwamnati saboda wannan, ba ta kuma yi nadama ba. Wata kuma malamar lissafi ce, shekararta 11 tana cire nata a cikin mota ta mayar in ta tashi, ta ce da a bar yaran nan ba wanda ya san ciwonsu gara ita ta shiga. Duka biyun na ga tsoron Allah a fuskarsu.

Kwana uku ina istihara, daga ƙarshe na koma. Ba fatawa nake ba kowa ba, abin da na yi nake faɗa. Kullum in na isa sai in shiga banɗakin malamai mata da ke kusa da ƙofa, in cire hijabin in ninke in sa a jaka, in fito da kitsona da riga mai dogon wuya. Har na gama wata bakwai ɗin nan ban daina jin iska tana taɓa mini wuya kamar an zare mini wani abu ba. A tsakiyar Oktoba makarantar ta yi zaman tunawa da malamin nan Samuel Paty da aka kashe a 2020, na tsaya cikin malamai ina jin nauyin abin biyu: baƙin cikin kisan da addinina bai yarda da shi ba, da kuma sanin cewa da wuya a yi maganar ɗan ƙyallen da ke cikin jakata a ƙasar nan ba tare da wannan ya faɗo a ran mutane ba.

Yaran kuwa su suka riƙe ni. 'Yan shekara 11 zuwa 15 ne, kuma da yawansu jikokin waɗanda aka kwaso daga Aljeriya da Maroko da Fotugal ne don aikin masaƙa. Rube a da garin ulu ne, dogayen bututun hayaƙin masana'antun har yanzu suna tsaye, amma tun daga shekarun 1970 aka yi ta rufe su, garin ya koma cikin mafiya talauci a ƙasar. Duk wadda ta san Kakuri a Kaduna bayan mutuwar masaƙu za ta gane yanayin. Da na ce daga Nijeriya nake, rabin ajin suka ɗauka Nijar nake nufi, don a Faransanci sunayen biyu kusan ɗaya suke a kunne. Sai wani yaro daga baya ya yi ihu, "Osimhen!" Ashe ɗan ƙwallon namu ya buga wa ƙungiyar Lil wasa daga 2019 zuwa 2020 kafin ya tafi Italiya. Ni da ko dokar ƙwallo ban sani ba, dole na zauna maigidana ya koya mini, don na gane in ana maganar ƙwallo har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba sai ya ƙoƙarta ya haɗa jimla. Daga nan na kawo musu hotunan hawan Sallah da marinar Ƙofar Mata. Wata yarinya mai suna irin namu ta tsaya bayan an tashi, ta ce ta gan ni a tashar jirgi da hijabi. Ba ta ƙara komai ba, ta yi murmushi ta fita. Ita ma a bakin ƙofa take cire nata.

Ummi ta shiga makaranta mako biyu da zuwanmu, don tun 2019 doka ta wajabta karatu daga shekara uku. Na rubuta a takarda cewa kada a ba ta nama, aka kuma kiyaye. Kafin Kirsimeti ta fara gyara mini lafazi. Abincin gida kuwa kasuwar Wazem ce ta rufa mana asiri, musamman ranar Lahadi da safe: ga mahautan halal, ga kuɓewa da attaruhu da doya a shagunan 'yan Afirka. Da garin alkama na Larabawa nake tuƙa tuwo. Kuka da daddawa da yaji daga gida na taho da su, amma kada a yi gangancin ɗaukar kilishi ko dambun nama, an hana shiga da nama ƙasashen Turai. A kasuwar nan ce wata rana ina taya kifi na ji an ce a bayana, "Kai, wannan tsada har ina!" Na juya da sauri har na kusa faɗuwa. Wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, shekararta 20 a can. Ita ta nuna mini inda ake sayen rigunan sanyi na hannu, ta kuma koya mini cewa duk shagon da na shiga in fara gaishe da mai shi kafin in tambayi komai, in ba haka ba za a ɗauke ni marar tarbiyya. Na ce ashe dai nan ma akwai inda muka yi kama.

Sanyin Disamba ba a ba da labarinsa. Rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin biyar ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a tsakanin awa huɗu. Ga shi a shekarar wuta da gas sun yi tsada saboda yaƙin Yukiren, gwamnati tana roƙon kada a ɗumama ɗaki ya wuce digiri 19. Daga 19 ga Janairun 2023 kuma aka shiga yajin aiki kan ƙara shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, wasu ranakun in je in tarar rabin malamai suna kan titi da kwalaye.

Azumi ya kama a 23 ga Maris, aikina ya ƙare da hutun tsakiyar Afrilu, muka yi Sallah a gidan 'yar Damagaram da waina da miyan taushe. Ana iya neman ƙarin shekara, malamar nan ma ta ce za ta rubuta mini takardar yabo. Na yi mata godiya na ce a'a. A Satumban 2023, bayan na dawo, na ji an hana ɗalibai mata shiga makaranta da abaya, sai yarinyar nan ta tashar jirgi ta faɗo mini a rai. Katin da 'yan ajinta suka rubuta mini da Turancinsu mai gargada yana nan cikin akwatina, tare da hijabin nan ruwan toka.