Mai Kube da Mai Naɗewa

Ran da na sauke Alƙur'ani a Ƙauran Namoda, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kira ni zaure ya miƙo mini wata 'yar wuƙa cikin kube na jar fata, tsawonta duka bai wuce taƙi guda ba. Ya ce, "Ungo. A Zurmi wani maƙeri ya ƙera mini ita tun ina saurayi. Da ita na fiƙe alƙalami, da ita na yi yawon haraji zamanin En'e. Ka riƙe ta da kyau, ba ta taɓa ba ni kunya ba." Na durƙusa na karɓa, na yi godiya. Amma fa a zuciyata keke na so.

Da na gama firamare, Allah ya ba ni aikin malanta a ofishin hakimi, sai na fara jin kunyar kube. Na ga ai wuƙa a ƙugu kayan mahauta ce da makiyaya, ba ta dace da mai riƙe da biro ba. Saboda haka wata ranar Alhamis, da na sami albashi, na shiga kasuwar Shinkafi na sayi wuƙa mai naɗewa, fara tas, tana walƙiya, ko sunan maƙerinta babu a jiki. Na jefa ta aljihu, ta mahaifina kuwa na jefa ta ƙasan akwati.

To, kafin in ba da labarin abin da ya sami yatsana, ya kamata in bayyana wa mai karatu yadda ƙirar kowace take, gama daga ƙira halin kowace ya fito.

Mai kube ƙarfe guda ce daga tsini har gindi. Maƙeran da suna aiki da tama, na yanzu kuwa sun fi son sifirin tsohuwar mota. A sa shi cikin gawayin ƙirya, yaro na buga zugazugi, in ya yi ja a ɗora bisa uwar maƙera a yi ta duka da masaba, a bar masa wutsiya wadda za ta shige cikin icen mariƙi. Sa'an nan baduku ya ɗinka mata kube. Ba ta da gaɓa, saboda haka ba inda za ta lanƙwashe. Aibinta tsatsa. In ba a goge ta an shafa mata ɗan man gyaɗa ba, damina guda ta isa ta ɓata ta.

Mai naɗewa kuwa abu uku ne aka haɗa, watau kaifi, da ƙusar da yake juyawa a kanta, da ɗan sifirin da ke riƙe shi. Sana'ar Turawa ce, sun kuwa gwanance a kanta. A birnin Shafil na Ingila aka gano ƙarfen nan da ba ya tsatsa cikin 1913. Akwai wadda ake kira Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus cikin 1902, daga baya cikin 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Waɗansu irinta suna da makulli, in an buɗe ba su rufewa sai an ja zobe. Tawa ba ta da makulli, ni kuwa ban san a tambaya ba.

Cikin 2006, saura kwana kaɗan Babbar Salla, muka taso daga Shinkafi za mu Ƙaura a bayan wata motar kaya. Cikinmu akwai wata tsohuwa da ragonta, wanda ta ce wata bakwai tana kiwonsa, tana so ta sayar ta yi wa jikarta kayan ɗaki. An ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfen mota. Muna cikin tafiya sai mota ta faɗa rami, rago ya zabura ya tsallake, ya rataye a waje, igiya ta shaƙe shi. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati. Mutane suka yi ta bugun mota, direba bai ji da wuri ba.

Ni ne kusa. Na laluba aljihu, ga goro, ga takardu, da ƙyar na kamo wuƙa. Buɗe ta sai da hannu biyu, ga ƙura ta cika gaɓar, sai da na sa haƙori. Na kai wa igiya yanka, mota na girgiza, bayan wuƙa ya bugi ƙarfe, sai ta naɗe a kan manuniyata. Jini ya ɓalle. Kafin in ce wayyo, wani dattijo da ke gefena ya zare 'yar wuƙa daga damtsensa da hannu guda, ya ja sau ɗaya, igiya ta rabu. Daidai nan mota ta tsaya. Rago ya faɗi, ya yi ta tari, can ya miƙe.

Dattijon nan ya yagi ƙyalle ya ɗaure mini yatsa, ya ce, "Malam, wuƙarka kyakkyawa ce, amma barci take yi. Kafin ka tashe ta aiki ya wuce." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Kunya ta fi ciwon zafi. Da ya ƙara jinkiri kaɗan, da wahalar wata bakwai ta zama mushe, gama ko yanka ragon ya kama, da tawa ba zan iya ba. Malamanmu sun karantar da mu cikin Risala cewa a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kada a ɗauke hannu sai an gama, an kuma hore mu da wasa wuƙa don a hutar da dabba. Wuƙar da ke iya naɗewa tsakiyar aiki ba ta wannan wuri ba ce. Har wa yau jini da kitse suna shiga cikin kwarminta, wanki ba ya fid da su sarai, alhali mai kube ruwa da toka sun ishe ta.

Da na iso gida na buɗe akwati na ɗauko ta mahaifina. Tsatsa ta ci bakinta, amma da na kai ta bisa dutse sai ta dawo kamar jiya aka ƙera.

Amma kada mai karatu ya zaci na kori mai naɗewa. Adalci ya sa in faɗi nata alheri. Ba ta bukatar kube, balle kube ya tsufa tsini ya huda shi ya soki cinya. Ba ta da nauyi. Yaro ƙarami in ya tsince ta a rufe, da wuya ya yanke. Wajen ɓare rake, da raba goro, da fiƙe fensir, da yanke zaren fayil a ofis, ba abin da ya fi ta.

Akwai kuma wani alheri nata wanda mahaifina bai san shi ba, don zamaninsa bai zo da shi ba. Shekarun nan ƙasarmu ta sha wuyar 'yan bindiga, Zurmi da Shinkafi suna cikin wuraren da suka fi jin jiki, har cikin Satumba 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Da, wuƙa a damtse ado ce da kayan aiki, ba mai duban mai ita sau biyu. Yanzu kuwa mutumin kirki in ya iso shingen bincike da kube a jikinsa, sai ya yi dogon bayani, abokan tafiya ma su riƙa kallonsa a kaikaice. Laifin ba na wuƙa ba ne, ba kuma na maƙeri ba, amma maƙeri na cikin masu biyan bashin, gama abin da ake jin nauyin ɗauka ba a yawan sayensa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kada 'ya'yan maƙera su watsar da masaba, mu wayi gari ba mai iya ƙera mana ko wuƙar layya sai an kawo daga waje.

Ga inda na tsaya. In zan hau hanya ko zan tafi ofis, mai naɗewa ke aljihuna, amma yanzu mai makulli nake saye. A gida da gona da ranar layya kuwa, mai kube ke da wuƙa da nama. Kowace shekara kuma nakan sayi sabuwa guda wurin maƙeri in bayar kyauta, don wutar maƙera kada ta mutu ta wajena.

Ɗana na fari ya kusa sauka. Na riga na kai tsohon kuben nan wurin baduku ya sake ɗinki. Na san shi ma waya yake so, ba wuƙa ba, zai kuwa jefa ta ƙasan akwati kamar yadda ubansa ya yi. Ba kome. Zan nuna masa tabon yatsana, in ya so ya ajiye ta har ran da zai bukace ta. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da wuƙa kayan aiki kamar da, amin.