Ingila da Masu Jibge Shara Cikin Dare

Wanda ya san Ingila a hoto kawai zai ɗauka ko tsinke ba ya kwana a titunanta. Alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna akasin haka. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, ƙananan hukumomi sun ƙirga sau fiye da miliyan ɗaya da aka jibge shara inda doka ta hana, kuma kusan kashi 60 cikin 100 tarkacen gida ne: tsohuwar katifa a bakin titi, mataccen firji a lungu, baƙaƙen ledoji a gindin bishiya.

Kwashe wannan ƙazanta daga tituna nauyin ƙaramar hukuma ne, kuma dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ta sandar duka. Tun watan Yulin 2023, ma'aikacinta na iya yanka wa mai jibge shara tarar da ta kai fam 1,000 ba tare da an je kotu ba. Mai yar da guntun taba ko mai ɓata bango da fenti, tasa tana iya kai fam 500. In laifin ya yi girma har aka je babbar kotu, akwai ɗaurin da zai kai shekara biyar. Kamun ne ke da wuya, domin aikin dare ne. Shi ya sa ma'aikata kan sa safar hannu su farke ledojin, suna neman ambulan ko rasit mai adireshi. Hukumar Barking da Dagenham a gabashin Landan kuwa takan saka bidiyon kyamarorinta a intanet, ta roƙi mutanen unguwa su faɗi ko su wane ne.

Rubutun bango ya fi sauƙin sha'ani. An hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 16 fentin fesawa, ana goge rubutun zagi da gaggawa, sannan akwai wuraren da aka bar wa masu zane, kamar titin Leake da ke ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. A Bristol, cikin 2006, hukuma ta nemi ra'ayin jama'a kan wani zane da mai zanen bango Banksy ya yi, suka ce a bar shi, aka bar shi.

Tushen jibge shara dai kuɗi ne. A 1996 aka ɗora haraji kan sharar da ake binnewa, don mutane su koma sake sarrafa ta. Niyyar mai kyau ce, sai dai harajin ya yi ta hawa har ya wuce fam 100 kan kowane tan. Ƙananan hukumomi da yawa kuma sai an biya su kafin su zo ɗaukar kujera ko gado. A nan ne wasu suka hango kasuwa. Mutum zai yi talla a Facebook cewa yana da mota, yana kwasar tarkace da araha. Mai gida ya biya shi yana murna ya huta, shi kuwa da dare ya yi sai ya juye kayan a wata hanyar ƙauye. In aka bi sawu aka gano gidan da kayan suka fito, mai gidan ma zai iya shan tarar fam 600, saboda doka ta ɗora masa tabbatar da cewa wanda ya ba wa shararsa yana da rajista da Hukumar Kula da Muhalli. Ina ganin wannan daidai ne. Wanda aka yi wa farashin da ya yi arha fiye da kima ya kamata ya tambayi inda kayan za su.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne halin da ake barin manomi a ciki. In a gonarsa aka juye sharar, ƙaramar hukuma ba ta da wajibin ɗauka, tunda fili ne na kansa. Shi aka cuta, shi kuma zai biya kuɗin kwashewa, wani lokacin har da tarkace mai guba. Hukumomin kan ce aljihunsu ya huje, kuma akwai gaskiya a ciki, don kula da tsofaffi da yara marasa galihu na cinye kaso mafi tsoka na kasafinsu. Amma wannan ba ya rage wa manomin ko sisi.

Inda aka yi sake kuwa, ƙaramin laifi kan zama sana'ar manyan miyagu. A dajin Hoad's Wood kusa da garin Ashford a yankin Kent, tsohon daji da doka ta keɓe saboda tsirrai da namunsa, manyan motoci sun yi ta shiga suna juye kaya yayin da maƙwabta ke ta kai ƙara. Kafin a rufe hanyar, an tara shara wajen tan 30,000. A 2024 gwamnati ta umarci Hukumar Kula da Muhalli ta kwashe ta, aikin da aka ƙiyasta zai ci miliyoyin fam daga aljihun masu biyan haraji.